Gwaggo Ƙi-Faɗi da Kwalbar Maganin Zazzaɓi

A duk layinsu, Gwaggo ake ce mata, yara da manya, har da waɗanda suka girme ta. Idan ana son a bambanta ta da sauran gwaggonnin duniya sai a ƙara da Ƙi-Faɗi, amma wannan a bayan idonta ne. Gajeriya ce mai kauri, tana da murya irin wadda ake ji daga bakin titi, kuma tun tana yarinya ba a taɓa jin ta ce "to, shi ke nan" a kan abin da ranta bai kwanta da shi ba.

Ita ce babba a ɗakinsu. Uwarsu mai yawan laulayi ce, don haka tun Gwaggo ba ta iya ɗaura zani da kyau ba aka ɗora mata goyo. Ƙannenta duk a bayanta suka yi wayo. Da ta girma ta samu aiki a kamfanin sabulu, tana jera sabulai a kwali daga safe zuwa la'asar, a tsaye. Ta daɗe a nan, har hannayenta suka yi kanta. Abin da ya raba ta da aikin kujera ce. Wata abokiyar aikinta mai tsohon ciki ta roƙi mai duba aiki ya bar ta ta ɗan zauna, ya ce babu kujera a tsarin kamfani. Gwaggo ta ajiye kwalin da ke hannunta. Ta shiga ofishinsa, ta jawo tasa kujerar mai juyawa har tsakiyar ɗakin aiki, ta ce wa matar, "Zauna, an samu." Kafin a tashi aiki an sallame ta.

Mijinta, wanda kowa ke kira Malam, mai gyaran rediyo ne, mutum mai sanyi kamar ruwan randa. Da ta dawo ta ba shi labari, sai ya ɗago daga kan rediyon da yake kwancewa ya ce, "Ita matar ta zauna dai ko?" Ta ce ta zauna. Ya ce, "To, madalla," ya ci gaba da aikinsa. Allah bai ba su haihuwa ba. Dangi sun yi surutunsu har sun gaji. Sai da matar ƙaninta ta rasu ta bar ƙaramar yarinya, Gwaggo ta je ta ɗauko ta ba tare da ta nemi shawarar kowa ba. Ita ce ake kira Auta, kuma a hannun Gwaggo ta tashi har ta yi aure.

Sana'ar reno kuwa matar nan ta kamfanin sabulu ce ta buɗe mata ita. Da ta haihu lokacin komawa aiki ya yi, ta rasa inda za ta bar jaririyar, sai ta kawo wa Gwaggo. Wata ta ji ta kawo nata, wata ma haka. Ba a jima ba aka kwashe kujerun falo aka shimfiɗa leda da ƙananan katifu, aka ɗaura igiyar shanya daga taga zuwa bishiyar tsakar gida, Malam ya koma baranda da rediyoyinsa. Da sassafe za ka ga mata suna shigowa da sauri, mai aikin shara a banki, mai sayar da katin waya, malamar makaranta, kowacce da goyo da jaka, tana ba da sallahu ƙafarta ɗaya a waje.

Cikin iyayen akwai wata nas da ta daɗe tana kawo 'ya'yanta. Wata rana ta tarar da Gwaggo riƙe da cokalin shayi za ta ba wani jariri sabon haihuwa maganin zazzaɓin da uwarsa ta bari. Nas ta riƙe mata hannu.

"Gwaggo, watansa nawa?"

"Ɗaya da 'yan kwanaki."

"To ajiye. Jaririn da bai kai wata uku ba, in jikinsa ya yi zafi, ba a ba shi komai a gida. Asibiti ake kai shi, a ranar. Maganin nan zafin kawai yake saukewa. Ciwon yana nan ciki yana aikinsa, ke kuma kin saki jiki kin ce ya warke."

Gwaggo ba mai karɓar magana haka kawai ba ce. Ta tsare nas da tambayoyi har matar ta kusa makara. To in an yi masa rigakafi fa? Nas ta ce wannan daban, idan ma'aikatan asibitin suka ce a ba shi, su za su faɗi yawan da za a ba shi. To manya fa? Ta ce su ma da nauyin yaro ake aunawa, da sirinjin da ke cikin kwalin, ba da cokalin shayi ba. Washegari ta kawo mata ma'aunin zafin jiki ta koya mata sa shi a hammata da karanta lambar.

Daga ranar maganar ta zauna a kan Gwaggo daram. Ta zama doka a gidan, kuma dokar ta jawo mata baƙin jini ba kaɗan ba. Mace ta zo da jaririn da bai kai ba, jiki zau, ta miƙo kwalba, Gwaggo ta maida mata kwalbarta da ɗanta ta nuna mata hanyar asibiti. Wasu su tafi suna tsaki. Wata ta ce mata, "Mu da aka ba mu tun muna tsumman goyo, mun mutu ne?" Gwaggo ta ce, "Waɗanda suka mutu ai ba za su zo su ba ki amsa ba." Matar ba ta sake kawo ɗanta ba, Gwaggo kuma ba ta aika a ba ta haƙuri ba.

Duk wannan da 'ya'yan wasu ne. Ranar da abin ya zo kan nata, sai da ta ji a jikinta.

Auta ta auri direban babbar mota, mutumin kirki amma ba mazauni ba, in ya tafi sai an gan shi. Ita kuma tana aiki a wani wurin ɗinkin kayan makaranta. Ta haifi ɗanta na fari daidai lokacin da makarantu ke shirin komawa, aiki ya yi wa mai wurin yawa, ya aiko mata cewa in ba ta dawo ba zai ba wata kekenta. Jaririn bai cika wata biyu ba ta koma. Gwaggo ta yi faɗa, ta yi faɗa, daga baya ta karɓi yaron, don ta san in ba ita ba, wani wurin za a kai shi.

Ran nan da safe Auta ta shigo ba ta ko yi cikakkiyar sallama ba. Ta kwantar da jaririn a katifa maimakon ta miƙa shi hannu kamar kullum, ta ajiye jaka, ta juya.

"Ke, zo nan," in ji Gwaggo. "Yau kuma katifa kike ba wa ajiya?"

Ta sunkuya ta ɗauke shi. Tun kafin tafin hannunta ya kai goshinsa ta ji zafin ta cikin riga. Yaron bai yi kuka ba, bai kuma buɗe ido sosai ba, ya dai yi lakwas a hannunta.

"Tun yaushe?"

"Da asuba ne kawai, Gwaggo. Ɗan ɗumi ne."

"Ya sha nono?"

"Ya ɗan taɓa." Auta ta buɗe jakar ta zaro kwalba sabuwa fil, ko hatiminta ba a ɓalle ba. "Na saya a hanya. Ban ba shi ba, wallahi, na ce ke kin fi ni iya aunawa. Ɗan kaɗan kawai, ya kai shi yamma. Ina tashi aiki sai mu wuce asibitin tare."

Gwaggo ta dubi kwalbar, ta dubi yarinyar da ta goya da bayanta.

"A gidan nan kika girma. Sau nawa kika ga na kori mata da irin kwalbar nan?"

"Su ai wasu ne."

"Zazzaɓin ya san ke tawa ce?"

"Gwaggo, yau za a kai kaya. Mutumin nan ya rantse duk wadda ba ta zo ba ta nemi wani wurin. Babansa ba ya nan. In na rasa aikin nan me za mu ci?"

"Ku ci abin da muke ci. Ɗauki ɗanki mu tafi."

Sai Auta ta fashe. Ba ta yi barci ba, ido ya yi ja, tsoro biyu sun haɗe mata. Ta ce, "Ke komai doka, komai doka! Da kin taɓa haihuwa da kin san ba a yi wa uwa haka!"

Falon ya yi tsit, har yaran da ke wasa da gwangwanaye suka tsaya. A baranda Malam ya ajiye sukudireba. Ita kanta Autar ta rufe baki da hannu, amma maganar ta riga ta fita. Ta ajiye kwalbar a kan taga ta fice da gudu-gudu.

Gwaggo ta tsaya da yaro a hannu. An sha gaya mata wannan maganar, a gidan biki, a bakin famfo, daga bakin dangin miji, duk ta shanye. Ba ta taɓa zaton za ta ji ta daga wannan bakin ba, bakin da ita ta koya wa magana. Amma hannunta bai tsaya ba. Ta ɗauko ma'auni ta sa masa a hammata. Lambar ta haura inda nas ta nuna mata. Ta gwada ba shi nonon da Auta ta tatsa a kwalba, ya kau da kai.

Kwalbar maganin tana kan taga, hannu ɗaya za ta miƙa. Ta san in ta ba shi, kafin hantsi jikin zai yi sanyi, Auta ta tsira da aikinta, su shirya da yamma kamar ba a yi ba. Ta kalle ta sosai. Sannan ta ɗauke ta ta jefa cikin jaka don likita ya ga ba a buɗe ba.

"Malam, taso. Yau kai ne mai reno."

Malam ya leƙo ya ga yara sun zuba masa ido. "Ni? Duka?"

"Ba cizo suke ba, sai wancan mai jar riga. Zan turo maka matar mai shago ta taya ka."

Ta goya jaririn, ta yafa mayafi, ta tare tasi a bakin titi. Wurin ɗinkin yana kan hanyar asibiti, kuma ta san duk abin da likita zai yi, yaro mai shan nono sai da uwarsa. Ta ce wa direba ya tsaya kada ya kashe mota.

Dogon ɗaki ne mai rufin kwano, kekuna jere layi-layi, ƙara kamar ana ruwan sama a kan langa-langa. Ƙyallaye shuɗɗa da farare sun cika ƙasa. Mai wurin yana tsaye wajen teburin yanka da tef a wuya, siririn mutum da ma'aikatansa ke kira Agogo saboda ba ya minti bai duba hannunsa ba. Gwaggo ta wuce shi kamar ba ta gan shi ba, ta je kan Auta, ta sa hannu ta zare wayar keken daga bango.

"Tashi."

"Baba, lafiya?" in ji Agogo yana tahowa. "Nan wurin aiki ne."

"Na ga alama. Ɗanta ba lafiya, asibiti za mu."

"To ki kai shi mana, ba ke ce mai renon ba? Yau motar makaranta za ta zo ɗaukar kaya. Ni ma wuyana a igiya yake. In ta fita, wallahi ta fita ke nan."

Gwaggo ta kwance goyon ta juyo da yaron ta miƙa masa har ƙirji. "Taɓa."

Ya ja da baya. "Ni ba likita ba ne."

"Ni ma ba shi ba ce, shi ya sa za mu wurinsa. Taɓa ka ji, in ya so ka sake faɗin abin da ka faɗa, kowa ya ji."

Bai taɓa ba. Ya duba agogonsa. Kekunan da ke kusa suka yi shiru, na gaba ma suka bi, har ɗakin ya zama ana jin ƙarar fanka. Wata dattijuwa mai tabarau da ke layin baya ta taso, ta ɗora bayan hannunta a wuyan yaron, ta ce, "Subhanallahi." Ta juya ga Auta. "'Yata, tashi ki tafi. Zubo min naki a kan nawa, zan ƙarasa."

Auta ta miƙe. Ta karɓi ɗanta, kuma sai a lokacin, da ta ji yadda ya saki jiki a hannunta, fuskarta ta canza. Agogo ya bi su da murya har ƙofa yana cewa ya faɗa ya ƙara. Gwaggo ta waiwayo ta ce, "Mun ji. Allah ya ba da kasuwa."

A asibiti ba su bi layi ba. Ma'aikaciyar da ke karɓar mutane tana jin watannin yaron da zafin jikinsa ta wuce da su ciki. Likitar wata matashiya ce mai saurin magana. Tambayarta ta farko ita ce ko an ba shi wani abu. Gwaggo ta fito da kwalbar da hatiminta. Likita ta gyaɗa kai ta ci gaba da dubawa. Aka ɗebi jini, aka ɗebi fitsari, yaron ya samu ƙarfin tsala kuka, Auta ta taya shi. Zuwa azahar aka ce ƙwayar cuta ce ta shiga masa mafitsara, kuma a irin shekarunsa ba a wasa da ita don tana saurin bin jini. Aka ba su gado, aka sa masa allurar ruwa a bayan hannu.

Can sai ga wata nas ta auna nauyinsa, ta zuƙo magani a ɗan sirinji ta ɗiga masa a baki. Auta ta karanta sunan da ke jikin kwalbar, ta juyo.

"Gwaggo, kin gani? Irinsa ne fa. Shi ne dai suka ba shi."

"Bayan sun duba shi."

"Amma dai shi ne."

"Shi ne. Da na ba shi da safe, yanzu kina kan keke, shi yana katifata yana barci, muna cewa Alhamdulillahi."

Auta ta juya mata baya. Haka suka yi jinyar, kusan mako guda, suna miƙa wa juna ruwa da tawul ba tare da sun haɗa ido ba. Yaron ya warware, ya kama nono kamar zai cinye uwarsa, aka sallame su.

Agogo bai janye maganarsa ba. An ba wata keken. Gwaggo ta koma wurinsa har sau da dama, ta zauna a bakin ƙofa tana gaishe da duk mai shiga, ya sa maigadi ya riƙa ce mata ba ya nan alhali tana hango tef ɗinsa ta taga. A wannan dai ba ta ci nasara ba, ko da yake har gobe ba ta yarda an kayar da ita ba, cewa take shi ne ya yi asarar tela.

A gida ma ta biya nata. Iyaye biyu suka janye 'ya'yansu, don sun dawo ran nan sun tarar da Malam zaune a tsakiyar falo, yara sun kewaye shi, ya kunna musu rediyo uku kowanne da tasharsa, rigar wani a bai-bai, mai jar riga kuma ya cije shi a gwiwar hannu. Suka ce ba a bar musu 'ya'ya da mai gyaran rediyo ba. Gwaggo ta ce gaskiyarsu ne, kuma in aka sake kawo mata jariri irin wancan gobe, Malam ɗin za ta sake bar wa.

Auta ta ɗauke ƙafa daga gidan na tsawon lokaci. Mijinta ne da ya dawo daga tafiya ya zo ya durƙusa har ƙasa yana godiya, Gwaggo ta ce ya tashi kada ya ɓata wandonsa. Ta tambaye shi yaron, ta tambaye shi hanya, ba ta tambayi matarsa ba. Da ya tafi ta shiga ɗaki ta daɗe ba ta fito ba.

Dattijuwar nan mai tabarau ce ta kawo ƙarshen zaman. Ta samo wa Auta wani tsohon keken ɗinki na ƙafa a wurin 'yar'uwarta, ta kuma fara turo mata masu gyaran kaya. Ɗakin Auta ƙarami ne, babu inda keke zai zauna. Wata safiya sai ga mai kura ya tsaya a ƙofar Gwaggo, keke a kai, Auta a baya da goyo. Ta tsaya daga bakin ƙofa tana murza gefen mayafi.

"Gwaggo, ina kwana."

"Lafiya."

"Na ce ko barandar nan... ko Baba zai ɗan matsa min."

Gwaggo ta dube ta daga sama har ƙasa. Yarinyar ta rame. Ta buɗe baki za ta ƙara wata magana, idonta ya kawo ruwa, Gwaggo ta katse ta.

"Kwanto min shi, kin shaƙe shi da zani. Malam, kwashe tarkacenka gefe guda."

A barandar Auta take ɗinki har yau, ta yi suna wajen gyaran kayan makaranta, har da masu kawo mata daga wasu unguwanni. Yaron ya yi wayo, shi ne yanzu shugaban masu ɓarna a falon. Gwaggo gwiwa ta fara ba ta matsala, ƙannenta suna ta roƙonta ta bar renon ta huta, ta ce su bari sai ranar da yaran suka kore ta da kansu. Rigimarta da Auta yanzu a kan ƙarar keke ce. Da azahar in yara sun kwanta sai ka ji muryarta daga ciki tana cewa a tsayar da wannan abin, Auta ta ce saura hannun riga ɗaya, Gwaggo ta ce ko rabin hannu ne a tsayar. Malam, a tsakaninsu, yakan rage muryar rediyonsa ya jira su gama.